Jar Fitilar Jif ɗin Alhaji Nomau

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kusa rabuwa da aminina ba, saboda wata 'yar jar fitila da ba ta kai ƙwayar gujiya ba. Bari in fara lissafa muku abin da na kusa zubarwa, don ku san girman wautar. Alhaji Nomau na Konni shi ke saya mini shanu daga arewa, shi ke riƙe su a garkensa har in samu kasuwa. Ni kuma ni ke sayar masa da albasa da gero a nan Illela. Rabin abin da ke shiga gidana ta hannunsa yake biyowa. Tun muna samari muke wannan hulɗa, babu takarda, babu shaida. Ko lokacin da soja suka rufe boda, mutane da yawa suka cinye kayan abokan cinikinsu na ƙetare suka ce ai hanya ce ta toshe, Nomau bai taɓa mini ko ɗan akuya ba. To wannan mutumin ne na tara wa dattawa.

Abin ya faro ne bayan an buɗe boda. Na je Konni na tarar da wata farar jif a ƙofar gidansa, mai jan ƙafa huɗu, mai shan gas, wato man dizal. Ta wasu Turawa ce masu haƙa rijiyoyi a Nijar, da suka gama aikinsu aka yi gwanjonta, Nomau ya saya. Ta sha jiki, amma injinta kamar ana buga ganga. Ni kuwa duk damina akori-kurata sai ta kafe a hanyar Araba ko ta Kalmalo, ina ji ina gani wasu su riga ni shiga ƙauye. Na ce masa ina so. Na taya bijimai bakwai, ina jiran ya ce albarka mu fara ja-in-ja kamar yadda aka saba. Sai kawai ya ce, "Na sallama. Kai ka fi ni bukatarta."

Ku riƙe wannan, domin shi ya ci ni daga baya. Dillali idan ya taya kaya aka sallama masa nan take, ba ya barci da daɗi.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa na ƙwallafa rai a kan mota mai shan gas, kuma shi ne abin da nake taƙama da shi a zuciyata. Dab da rufe boda na sayi duro guda cike da gas, da niyyar in ƙetara da shi. Sai aka rufe, soja kuma suka shiga farautar masu ɓoye kaya. Na rasa inda zan sa shi. A cikin shingen da ke gefen gidana, inda nake ɗaure dabbobi, akwai wani tsohon rumbun ƙasa da aka daina zuba hatsi. Na fasa gefensa, na shigar da duron, na cire murfin na zura tiyo a ciki, na toshe gefen bakin da tsumma. Na fito da ɗaya bakin tiyon ta wata 'yar kafa a ƙasan rumbun, na toshe shi da totuwar masara, sannan na yaɓe inda na fasa. Har dabarar ɗage tiyon na yi, ya zama bai taɓa gindin duron ba, don kada ya jawo datti. (A lokacin na yi ta mamakin yadda Allah ya ba mutum ɗaya wannan basira.) Duron ya yi ta zamansa a ciki, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Da na sayi jif, sai na ce to ga mota ga mai kyauta. In zan fita sai in zare totuwa, in tara jarkar ƙarfe, in juye a tanki. Ba wanda ya sani sai mai ɗakina, Hajara.

Na yi 'yan makonni ina shawagi. Inda manyan motoci suka kafe, ni sai in sa giyar ƙafa huɗu in wuce ina ɗaga musu hannu. Ruwa na fara sauka sosai, wata rana ina komowa daga Amarawa, sai na ji wani sauti kamar kukan gyare daga wurin agogunan mota. Na duba, ga wata jar fitila ta kama. A jikinta akwai ɗan zane kamar gwangwani da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa. Na tsaya, na kashe mota, na sake tayarwa. Ta mutu, na ɗan yi tafiya, muna faɗawa rami ta sake kamawa. Kafin mako ya zagayo ta daina mutuwa gaba ɗaya.

Na kai wa makanikina na Illela. Mutumin kirki ne, amma shi ƙananan motocin haya da manyan motocin dako ya sani, bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya dubi zanen ya ce gwangwani da ɗigo ai baƙin mai ne. Muka juye baƙin mai, fitila na nan. Ya ce to man birki ne. Muka ƙara, tana nan. Muka goge kan batir, muka ɗaure bel, muka cika lagireto har ya yi ambaliya. A ƙarshe ya share hannunsa da tsumma ya ce, "Alhaji, wagga hitila dai ta ga abin da mu ba mu gani ba."

Na wuce wurin mai gyaran wayar mota. Shi bai ma wahalar da kansa ba. Ya ce in ina so ya cire ƙwan, ya yanke wayar gyaren, in huta. Na ƙi, ba don hankali ba, sai don kada in rage wa motar daraja ranar da zan sayar. Maimakon haka na yanko baƙin salatif na liƙe fitilar, in gyaren ya dame ni kuma in ƙure rediyo. Haka na yi ta yawo, mota na kuka ina sauraron labaran duniya.

Da ta fara tari a hanya tana fitar da farin hayaƙi, sai na tsorata na nufi Sakkwato, wani babban gareji. Na bar musu ita na shiga kasuwa. Da na dawo an wanke ta, an sauya filta, fitila ta mutu, gyare ya yi shiru. Mai garejin yana miƙo mini makulli ya ce, "Alhaji, ina kake shan gas? Ka riƙa lura da masu jarka na bakin hanya."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce masa ni ban taɓa shan man bakin hanya ba, gas ɗina tun na zamanin da ba a san algus ba ne. Ya ce to madalla. Ban tambaye shi abin da ya gani ba, shi ma bai ƙara ba. (Da na bar bawan Allahn nan ya ƙarasa maganarsa, da wannan labarin ya ƙare a nan, da kuma mutuncina ya tsira.)

Na dawo gida lafiya lau. Na zare totuwa na cika tanki. Ba a jima ba gyare ya dawo da kukansa.

Daga nan ne zuciyata ta fara saƙa. Na zauna a majalisarmu ta bakin kara, kasuwar dabbobi, ina ba da labari, sai wani ya ce, "Nawa ka taya anka sallama maka?" Na faɗa. Ya ce, "Ko albarka guda bai ce ba?" Na ce bai ce ba. Suka dubi juna. Wani ya ƙara da cewa mutum ba ya rabuwa da lafiyayyen abu da sauri haka. Ni da nake da shekaru ina cin abinci kwano ɗaya da Nomau, na zauna ina gyaɗa kai ga mutanen da ko gaisawa ba su taɓa yi da shi ba.

Hajara ta ce mini, "Konni ɗin nan nisa gare ta? Ka tahi ka tambaye shi mana."

Na ce mata wanda ya ɓoye aibi ba ya faɗa don an tambaye shi.

A wurinmu dillalan dabbobi akwai ƙa'ida. In ka sayi sa, daga baya wani ɓoyayyen aibi ya bayyana wanda mai shi ya sani ya yi shiru, ana tara dattawa a warware ciniki, kowa ya karɓi nasa. Ba a cika kaiwa nan ba, domin wanda aka mayar wa kaya ta wannan hanya an shafa masa baƙin fenti ke nan a kasuwa. Na je na sami Baba Sarkin Dillalai na ce ina so a warware cinikin mota. Tsohon ya dube ni.

"Da wa?"

"Da Alhaji Nomau."

"Nomau naka?"

Na ce shi. Ya ce shi dai haƙoran sa ya sani da kofato, bai san inda ake duba haƙoran mota ba, amma tunda na nema zai zauna. Ko zuwa Konni ban yi da ƙafata ba. Ɗan aike na tura, kamar wanda ke kiran baƙo.

Daren da za a zauna aka kwana ana ruwa. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, ga Baba Sarkin Dillalai, ga dattawa uku, ga 'yan majalisa da ba wanda ya gayyace su. Jif na tsaye a gefe kamar wadda ake tuhuma. Nomau ya sauka daga motar haya da farar rigarsa, ya gaida kowa, ya riƙe hannuna ya tambayi Hajara da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Har da ƙullin cuku ya kawo musu. Na karɓa ina kauda ido.

Na miƙe na yi bayani. Na yi shi da kyau kuwa, don na kwana ina shirya shi. Na ɓare salatif, na tayar da mota, kowa ya leƙa ya ga jar fitila, ya ji gyare. Na lissafa makanikan da na zaga. Na rufe da cewa ni ban ce an cuce ni ba, amma mota ta zo da ciwonta, kuma wanda ya rene ta ba zai rasa sani ba.

Baba ya juya. "Alhaji Nomau, ka jiya. Mi za ka ce?"

Nomau ya ɗan leƙa fitilar, ya dawo ya zauna. Ya ce, "Baba, ba ni da ja. Tunda ɗan'uwana bai ji daɗinta ba, in tahi da abata. Bijimai ranar kasuwa a koro mishi su."

Shi ke nan abin da ya ce. Ni da na shirya wa gardama, sai na ji kamar na tura ƙofar da ba a kulle ba. 'Yan majalisa suka fara zunguran juna, wato ga shi ya amsa laifi. Nomau ya karɓi makulli ya duba agogon mai, ya ce tankin ya yi ƙasa, bari ya nemi gazuwal (haka suke kiran gas a can) kafin ya kama hanya.

A nan ne girman kai ya ƙarasa ni. Na ga na yi nasara, sai na so in haɗa da karamci. Na ce ba za a ce mota ta bar gidana da yunwa ba, ni zan cika masa tanki, da gas ɗin da babu irinsa a Illela. Kuma tunda zamanin farautar masu ɓoye kaya ya wuce, na ce dattawa su taso su ga abin mamaki.

Muka ɗunguma cikin shinge. Na tsaya gaban rumbu na ba su tarihin duron tun daga farko, yadda soja suka wuce ta gabansa ba su ko kalle shi ba. Ana ta jinjina kai. Don in nuna musu yadda dabarar take, na zare totuwa na ɗaga bakin tiyon sama ina kwatance da shi kamar malamin makaranta. Duk wanda ya taɓa jan mai da tiyo ya san abin da ke biyo baya. Man da ke cikin tiyon ya koma duro, iska ta shiga. Na sauke shi cikin jarka, ko ɗigo.

Na ce ba komai, yanzun nan. Na tattare babbar rigata, na durƙusa a cikin taɓo, na kafa baki na zuƙa. Na sake zuƙa da ƙarfi. Abu ya taho ya cika mini baki har kumatu.

Na san ɗanɗanon gas, duk ɗan boda ya san shi. Wannan ba shi ba ne. Abu ne mai sanyi, salam, da ɗan tsatsa-tsatsa da warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Ruwa ne. Ruwan sama.

Kafin in ɗago kai na gama fahimtar komai. Jinkar rumbun ta daɗe da ruɓewa, ni kuwa tun ranar da na yaɓe shi ban sake leƙa ciki ba. Duk ruwan da aka yi sai ya ɗiga a kan duron, ya taru, ya bi tsumman nan ya gangara ciki ya kwanta a ƙasan gas. Ya yi ta taruwa har ya kai bakin tiyon da na ɗage da basirata. Gwangwani da ɗigo-ɗigo. Tun farko abin da fitilar ke faɗa mini ke nan, ni kuma na liƙe mata baki.

To ga ni durƙushe, kumatu a kumbure, dattawa sun kewaye ni. Wallahi sai da na yi tunanin haɗiyewa. Na lissafa: in na haɗiye na toshe tiyon da yatsa, zan iya cewa duron ya ƙare. Amma ruwan ya riga ya fara zuba daga tiyon a kan ƙafata, fari tas, kowa na gani.

Baba Sarkin Dillalai ya sunkuyo ya tara hannu, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wanga gas naka ana alwala da shi?"

Na furzar. Dariyar da aka yi har awakin da ke ɗaure sai da suka firgita. Wanda ya fi kowa dariya shi ne mutumin nan da ya fara tambayata ko an ce albarka.

Nomau kaɗai bai yi ba. Ya miƙo mini hankicinsa na goge baki, ya ce a ba shi kofin shayi. Ya buɗe gaban mota, ya tura hannu ƙarƙashin filta, ya murɗa wani ɗan abu kamar kan famfo. Ruwa ya tsiyaye cikin kofin, ya zubar, ya sake tarawa, har gas ya fara biyowa. Ya ɗaure, ya danna wani ɗan famfo a saman filtar, ya ce in tayar. Na tayar. Babu fitila, babu gyare. Aikin da bai kai a sha shayi kofi ɗaya ba.

Baba ya ce, "To yanzu wa za a mayar wa da mi?"

Na buɗe baki zan yi magana. Nomau ya riga ni. Ya ce, "Baba, ciniki shina nan. Rumbu ya yi laihi, shi za a kai ƙara." Aka sake dariya, amma wannan karon da ni aka yi, ba ni aka yi wa ba. Ya sa hannu a aljihu ya raba wa dattawa goro, kamar shi ya tara su.

Da jama'a suka watse muka zauna a zaure mu biyu, Hajara ta aiko da fura. Ina juya ludayi na ce, "Ka san abin da fitilar ke nufi."

"Na sani. Direban Turawan ya gwada min ranar da anka yi gwanjo. Laihina na da ban gwada maka ba, na manta."

"To me ya hana ka faɗa a gaban mutane? Ka zauna ana maka kallon macuci."

Ya kurɓi fura. Ya ce, "Kai da ka tashi tsaye kana huci? In na ce manka na da ruwa, sai ka ce na zage ka, ka rantse, ni ma in rantse. Daga nan kuma sai mi? Na ce in tahi da ita in zubar da ruwan, ranar kasuwa in maido maka in ce na kai ta garaji."

"Sunanka fa?"

"Suna shina dawowa. Kai in ka tahi, wa za shi saida min albasa?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce in bar wannan magana, in dai sake masa furar don wannan ta yi tsami. Sai da zai tafi, yana sa takalmi, ya ce abu ɗaya ne ya yi masa ciwo, ɗan aiken. "Ko zagina za ka yi, ka zo da kanka, mu ci tuwo tukuna." Na kai shi Konni a cikin jif ɗin, bayan mun tsaya na sayi gas a gidan mai kamar kowa.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na yi asarar abin da na kashe wa makanikai, da kusan rabin duron, da babbar riga guda da taɓo ya ɓata. Na yi kwanaki komai na ci sai in ji tsatsa. Na kuma samu suna, domin har yau akwai tsofaffin da in na shiga kara sai su ce ga Alhaji Mai Rumbu, su tambaye ni ko an yi ruwa a gidana. Abin da ya rage mini kuwa: motar ta yi mini aiki shekaru, kuma Nomau bai fasa riƙe mini shanu ba, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Na auna ta kowace fuska, riba na ci, kuma ba wayona ya ci mini ita ba. Na gode wa Allah, na gode wa mutumin Konni.

Tun daga ranar, in abu ya lalace, gidana nake fara bincikawa kafin gidan wani. In kuma zan nuna wa jama'a wata dabarata, sai na fara ɗanɗana ta ni kaɗai.